Kamfanin da Goggo Ta Fara da Takardar Cefane

Babban kantin yadin da ke kan hanyarmu a Lanham ya rufe. Na je sayen zare wata ranar Talata, na tarar an manna takarda a ƙofa, ma'aikata biyu kuma suna turo dogayen durowoyin ƙarfen nan da ake jera takardun yanka a ciki, wayam babu komai. Na daɗe zaune a mota ban tayar ba. Zare dai ko ta waya na taɓa za a kawo mini har bakin ƙofa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne durowoyin, domin a gabansu na taɓa tsayawa da wata mata muna matasa, kuma daga tsayuwar nan rayuwarta ta sake hanya, tawa ma ta ɗan bi ta.

Ga wanda bai sani ba, takardar yanka wata siririyar takarda ce da ake zana sassan riga a kai, gaba da baya da hannu da wuya. Sai ki shimfiɗa ta a kan yadi, ki kafe da fil, ki bi layin da almakashi, ki haɗa a keke. Ko ba ki taɓa zama gaban tela ba, in kin bi a hankali za ki fitar da abin sawa. Yaran yanzu fatan suke ce mata.

Na zo ƙasar nan ta Turawa ina amarya, daga wani ƙauye kusa da Kafanchan, mijina yana karatu. Muka sami ɗaki a hawa na uku na wani dogon gini a Landover. A zamanin, in kin ji wani ya yi Hausa a kanti, ajiye kwandon cefane kike yi ki bi muryar har ki ga mai ita. Wasiƙa takan yi makonni a hanya. Mahaifiyata ba ta rubutu, sai ta yi magana a kaset a ba matafiyi, in saurara har kaset ɗin ya fara ja. Tela kuwa babu shi ko na magani. In kina son riga da zani, sai ki nemi mai tafiya gida, ki ba shi tsohuwar rigarki a kai wa tela ya gwada da ita, ki zauna jira. Kafin ɗinkin ya dawo kin yi ƙiba da abincin ƙasar nan, ko ciki ya fito, ko bikin ya wuce. Yanzu jikata tana kwance a kan kujera take nuna wa tela a Kano irin wuyan da take so ta bidiyo, mako bai cika ba kaya sun iso. Ban ce hakan ba kyau ba. Na dai san cewa ba ta san irin murnar da muke yi ba in riga ta zo daidai jiki.

Ginin nan yana da nasa surutan. Bututun hita mai ɗumama ɗaki yana ƙwanƙwasa kamar mai sallama, jirgin ƙasa yana wucewa can nesa, maƙwabtan ƙasa suna dukan silin da sanda in kin kuskura kin daka ko da barkono ne. A cikin waɗannan duka akwai wata ƙara da na gane tun makon farko, ƙarar keken ɗinki, tana tashi daga hawa na biyu da hantsi, ta yi shiru da azahar, ta sake tashi. Mai keken na haɗu da ita a ɗakin wanki na ƙasa, tana ninke atamfa. Na gaishe ta da Hausa a ɗarare, ta saki atamfar ta riƙe hannuna biyu kamar ta san ni tun haihuwa. Bakatsiniya ce, ta girme ni sosai, mijinta injiniya ne. Kowa Goggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta, ni ma na bi sahu. Ita kuma ɗiyata take ce mini, har yau da furfura ta rufe mini kai. Ita musulma, ni 'yar zumuntar mata ta coci, kuma ban tuna ranar da wannan ya zama abin tattaunawa a tsakaninmu ba. Ta san ranar Lahadi ba na nan da safe, na san in ta shimfiɗa darduma sai in ja bakina in yi shiru.

Mahaifinta tela ne a bakin kasuwa. Ta ce bai taɓa barin ta hau kekensa ba, wai aikin maza ne, amma ita ke kai masa abincin rana, sai ta ƙi tafiya, ta tsugunna tana kallon yadda yake jan alli a kan shadda. In ta koma gida ta kwaikwaya da gawayi a bayan ɗaki. Bayan aure ne ta shiga ajin koyon sana'a na mata ta koyi taka keke. Da suka zo nan ba ta da Turanci mai yawa, ba ta fita aiki. Mijinta ya sayo mata tsohon keke a wajen wasu da ke gwanjon kayan gida a ƙofar gidansu, da shi take yi wa kanta da 'ya'yanta ɗinki, tana yankawa da ido kamar babanta.

Ina da cikin fari wata takwas aka bugo waya cewa mahaifiyata ta rasu. Da rana ne, ina tsaye ina yanka albasa, yayana yana ta ɗaga murya saboda layin ba kyau. Likita ya ce ba zan hau jirgi ba, ko da wasa. A wajenmu akan ajiye gawa a asibiti har dangi su taru, a fitar da anko, a yi jana'iza. 'Yan'uwana suka zaɓi wata atamfa shuɗiya mai zanen ganye, suka ba wani ɗan cocinmu da ke dawowa ya kawo mini, har da na matan zumunta tara da muke tare a nan, don mu yi sujada a coci a daidai lokacin da ake binne ta. Kayan suka iso ranar Talata, jana'iza ranar Asabar.

Ban so in ɗora wa kowa nauyi ba, kuma a raina ina jin cewa tunda ban yi jinyarta ba, ban wanke ta ba, to ko rigar nan in ɗinka da hannuna. Na hau bas na je kantin yadi, na zaɓi takardar yanka a cikin ambulan mai hoton wata Baturiya siririya, na ari keken wata maƙwabciya. Abin da ban sani ba shi ne takardun nan ba don jikinmu aka yi su ba, ba kuma don yadinmu ba. Faɗin atamfa bai kai na yadin da suke nufi ba, zanenta kuma yana da sama da ƙasa. Na juya takardar don ta shiga, na yanka. Da na haɗa, ganyen gaba yana kallon sama, na baya yana kallon ƙasa, hannu ya matse ni ko ɗagawa ba na iya yi, cikina kuwa ko kusa bai shiga ba. Yadi biyu sun tafi. Na naɗe abin na sauka hawa na biyu ina kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka bugo wayar.

Goggo ba ta yi mini faɗa ba. Ta buɗe ɓarnar ta duba, ta ce za a sami ɗankwali a ciki da 'yar rigar jariri, sauran yadin kuma zai isa in an yi hankali. Sai ta tambaye ni wace irin riga nake so. Na ce irin ta Mama. Ranar da zan baro gida, mahaifiyata ta ciro wata rigarta daga ƙusa a bango ta cusa mini a jaka, ta ce in na ji kewa in sa. Ban taɓa sawa ba, ban kuma wanke ba, don tana ƙanshin hayaƙin murhunta da sabulunta. Goggo ta ce in kawo. Ta juya ta ciki waje, ta daɗe tana bin ɗinkin da yatsa, ta nuna mini wani ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu da aka sa a ƙarƙashin hammata. Ta ce telan da ya yi wannan ya san mace za ta yi daka ta ɗauki kaya a ka, shi ya sa ya bar wa hannu wurin tashi. Sannan ta ce in ina son irinta sak, dole a farke ta a shimfiɗa sassan a kan takarda.

Ban san lokacin da na fizge rigar daga hannunta ba.

"Goggo, ita kaɗai ta rage mini."

"Na sani, ɗiyata," in ji ta. "A gabanki zan farke ta, a gabanki zan mayar. Ko ramin allura ɗaya ba zan ƙara mata ba. In ranki bai ba ki ba, ɗauki abarki, in yi miki da ido. Ita ma za ta sawu, sai dai ba za ta zama irin wagga ba."

Na hau sama na zauna a bakin gado da rigar a cinyata har rana ta raba. Ina jin keken nata shiru, ba ta taɓa shi ba, jirana take yi. Na yi ta tunanin abin da Mama za ta ce, ita da ba ta yarda a ajiye abu ba amfani, ko gwangwanin madara sai ta mayar da shi ma'aunin gishiri. Bayan azahar na sauka na miƙa wa Goggo rigar.

Ta wanke hannu, ta ɗauko sabuwar reza, ta zauna kusa da taga. Zare ɗaya ɗaya take ɗagawa, tana zare shi tana ajiyewa a kan faranti. Ni kuma ta ba ni aiki don kar in zauna ina kallo ina hawaye: ta sa na ɗebo jakunkunan takardar nan masu ruwan ƙasa da ake zubo cefane a ciki, na farke su, na goge da dutsen guga har suka miƙe. Ta ce ta taɓa gwada jarida, tawada ta ɓata mata farin yadi. Har yanzu in na ji ƙanshin takarda mai zafi, ɗakin nan nake gani. Ta shimfiɗa sassan rigar a kai, ta bi gefensu da fensir, ta ƙara faɗi a gaba saboda cikina, ta yi 'yar kibiya a kan kowane sashe don in san inda ganye zai kalla. Sannan ta miƙo mini almakashi ta ce ni zan yanka atamfar, tunda abin da na so ke nan tun farko. Na yanka, tana riƙe da gefen yadin.

Washegari tun da safe ta zauna mayar da rigar Mama, da allurar hannu, tana bin tsofaffin ramukan ɗaya bayan ɗaya. Ya ci mata har la'asar. Da ta gama na duba na sake dubawa, ban ga inda aka taɓa ba. A ranar ne matan zumunta suka fara shigowa yi mini gaisuwa, kowacce da nata yadin a jaka da damuwar wanda zai ɗinka mata kafin Asabar. Suka ga tawa a rataye, suka ga takardar a kan teburi. Mutum ɗaya ba zai iya ɗinka riguna tara cikin kwana biyu ba, kowa ya san haka. Sai Goggo ta tsayar da su ta auna su, tana yi musu tsiya cewa kowacce ta saki cikinta ta yi numfashi, ba hoto za a ɗauka ba. Ta sake zana takardar gida uku, ƙarama da matsakaiciya da babba. Masu keke a gida suka tafi da takarda, marasa keke suka yanka a nan suka bi layin nata. Ranar Asabar mu goma muka tsaya a gaban coci cikin riga iri ɗaya, muka rera waƙar da Mama take so, na ɗaga hannuwana sama ba abin da ya riƙe ni. Da muka fito ɗakin taro, Goggo tana can zaune da tukunyar masa da miya, ta zo da su a tasi. Bayan mako uku na haifi 'yata ta fari.

Na ɗauka magana ta ƙare a nan, ashe takardun nan sun kama yawo. Wannan ta ara ta ba waccan, suka yage aka liƙe, suka sake yagewa. Wata daga Baltimore ta bugo tana roƙo, wata ta ce ƙanwarta a Houston tana so. Goggo ta yi ta zana sababbi har jakunkunan cefanen ginin suka yi wuya. Wata rana ta ce in raka ta kantin yadin nan, tana so ta ga abin da ya cuce ni. Na goya jaririyata muka tafi. Ta ja durowa, ta ga ambulan ɗaruruwa a jere kowanne da lamba, ta sayi ɗaya ta buɗe shi a wurin, tana jujjuya takardar tana duba yadda aka jera layukan girma daban daban a kan sashe ɗaya. Ta sa na tambayi dattijuwar da ke kula da wurin wanda ya fara wannan sana'a. Matar ta ce ita dai ta ji an ce tun zamanin da, wani tela ne da matarsa suka fara a kan teburin gidansu. Na fassara mata. Goggo ta mayar da takardar cikin ambulan, ta ce, "To, teburi kam ina da shi."

Mijinta bai so ba da farko. Mutum ne mai kunya da gudun magana, yana ganin za a ce matar injiniya tana sayar da takardar shara. Ba ta yi musu da shi ba, ta ci gaba da zanenta. Wata Lahadi ya tsaya a kanta yana kallon yadda take ƙara girma da ido, ya ce ai wannan ba lissafi a ciki. Ta ce ya auna. Ya ɗauko kayan aikinsa ya auna layukan nan uku, ya tarar tazarar da ke tsakaninsu daidai take kamar da ma'auni aka yi. Daga ranar shi ne mai sake zana mata su da tawada a kan babbar takarda mai tsabta, har yana faɗa in wani ya ɗora kofi a kusa. Ita ke faɗin bayani da Hausa ina rubutawa, in kuma juya shi da Turanci a ɗaya gefen. Aka sami wani tsoho mai ƙaramar maɗaba'a ya yarda ya buga mana kaɗan kaɗan. A kan ambulan aka zana almakashi, aka rubuta Ɗinkin Gida. Kamfanin ke nan gaba ɗayansa.

Na'urar tsohon ba ta da haruffanmu masu lanƙwasa. Bugun farko haka ya fita, har wata mata ta bugo daga Ohio tana tambayar wane bakin zare ake nufi, na sama ko na ƙasa, alhali baƙin zare muka ce ta sa. Daga nan Goggo ta kafa doka, ba ambulan da zai fita sai an bi shi da biro an sa wa kowane harafi ƙugiyarsa. Wannan ya zama aikinmu na ranar Asabar. Mukan taru da hantsi, mu biyar ko shida, wata tana lanƙwasa haruffa, wata tana ninke takarda, wata tana rubuta adireshi. Ninkewa ce tawa, kuma ita ce mafi wuya, don takardar yanka in ta buɗe ba ta son komawa. Ɗakin ya cika da shuu shuu ɗin takarda, da ƙarar almakashi, da Hausa kala kala, ta Katsina da ta Jos da ta wata 'yar Maraɗi mai sa Faransanci a tsakiyar magana. Tukunya tana kan wuta, yara suna wasa a falo. In an gama mu cika jaka mu tafi gidan waya a ƙafa, ko ana zuba dusar ƙanƙara. Yanzu in na ce wa 'ya'yana mun taɓa yin wuni guda muna sa wa haruffa ƙugiya, dariya suke yi, su ce ai dannawa ɗaya ce. Gaskiyarsu ne. Sai dai a wunin nan ne na koyi yadda ake yaye yaro, da yadda ake zama da miji mai fushin shiru, da inda ake samun daddawa a garin nan.

Abin ya yi ta girma a hankali. Daga riga ɗaya aka koma buba, doguwar riga, siket mai yanki shida, kaftanin maza, kayan yara na salla da na Kirsimeti. Duk macen da ta shigo gidan sai Goggo ta auna ta, mai jego da tsohuwa da budurwa, tana cewa jikin matanmu take so ta sani, ba na hoton ambulan ba. Da ita da mijinta suka sayi gida a Fort Washington, ɗakin ƙasa gaba ɗaya ya zama wurin aiki. Wasiƙu suna zuwa daga garuruwan da ba mu taɓa jin sunansu ba. Lambar wayar gidan tana bayan kowane ambulan, mata kan bugo da tambayar yadda ake sa zif, a gama zancen zif cikin minti biyu, sannan su yi awa suna faɗa mata cewa ba su da kowa a garin da suke. Ba ta taɓa katse kowa ba. Sau da yawa takan ce wa wata, ai akwai 'yar Zariya a garinku, ta sayi takarda wancan watan, bari in tambaye ta ko in ba ki lambarta. Kamfanin bai mai da ita attajira ba. Amma na san aminai da yawa, har da surukai, da suka samo asali daga wayar nan.

Yadda ya ƙare ba wani abin tashin hankali ba ne. Mutanenmu suka yi yawa, teloli suka zo suka buɗe shaguna a Landover, zuwa gida ya yi sauƙi, waya mai hoto ta shigo. 'Ya'yanmu mata suka zama likitoci da lauyoyi, ba su da lokacin zama gaban keke. Ni ma na gama karatun jinya, aikin asibiti ya cinye mini Asabar ɗina. Mijin Goggo ya rasu, idonta ya fara hazo, yatsunta suka ƙi riƙe fensir. Ba ta yi sanarwa ba, ta dai daina kai aiki maɗaba'a. Kwalaye suka zauna a ɗakin ƙasa shekara da shekaru. In na je gaishe ta ba ma tayar da zancen, ni kuma a raina na riga na sa shi cikin abubuwan da suka wuce.

Kwana kaɗan bayan na ga an rufe kantin nan, wayata ta yi ƙara. Jikar Goggo ce, wadda aka sa wa sunanta, shi ya sa ake ce mata Ummi. A nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, sai gaisuwa da ba ta yarda ta yi da wani harshe ba. Ta gaishe ni, ta tambayi ƙafata, sannan ta juya harshe ta faɗi abin da ya sa ta kira. Tun lokacin da annoba ta kulle mutane a gida ta sauka ɗakin ƙasa ta buɗe kwalayen kakarta, ta ɗinka wa kanta riga don rage zaman banza. Ƙawayenta suka gani suka nema. Zane a kwamfuta ta karanta, sai ta yi ta shigar da takardun ɗaya bayan ɗaya, ta yadda mutum a ko'ina zai buga su a ƙananan takardu ya liƙa su waje ɗaya. Yanzu ta kai ga bayanin, ta tarar da kalmomin da ba ta sani ba, muryar kakarta kuma ba ta daɗewa. Wasu sun ba ta shawarar ta zubar da Hausar ta bar Turancin, ita kuwa ba ta so. Tana so in karanta bayanin da bakina ta naɗa, don wanda ba ya iya karantawa ya saurara, in kuma zo ajin da ta buɗe a wani ɗaki na laburare.

Na ce mata shekaruna nawa rabona da keke. Ta ce ita ba keke take nema ba, wadda ta ga yadda aka yi take nema.

Haka na koma aikin Asabar da tsufana. 'Yan matan da ke zuwa, wasu nas ne, wasu ɗalibai, akwai wata baƙar fatar ƙasar nan da ke auren mutumin Zariya, tana so ta yi wa surukarta riga da hannunta. Kekunansu ba su da ƙara, suna da fitila da allon lambobi. Ba su da haƙurinmu, in layi ya karkace sai su yi tsaki su ɗauki waya. Amma suna da abin da mu ba mu da shi, suna tambayar dalili. Mu in Goggo ta ce a bar yatsa biyu a gefe, bari muke yi. Su sai sun ji me ya sa biyu ba uku ba, kuma sau da yawa sai na koma gida na yi tunani kafin in gano amsar. A bakinsu nake jin kalmomin da na ɗauka sun mutu a ƙasar nan, kalmasa da hammata da ƙugu, suna fitowa a karkace, amma suna fitowa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je Fort Washington da la'asar. Goggo tana zaune a kujerarta kusa da tagar da ke kallon wajen kogi, da bargo a ƙafa. Muna cikin hira Ummi ta shigo da waya a hannu, ta durƙusa kusa da ita, ta ce wata mata ta sauke takardar doguwar riga, ta kai wani shago kusa da kasuwa an buga mata, ta ɗinka, ga hoton ta aiko. Goggo ta tambayi daga wane gari. Ummi ta ce Katsina.

Goggo ta karɓi wayar ta kai ta dab da ido, ta kasa gani, ta miƙo mini ta ce in faɗa mata. Na ce matashiya ce, tana tsaye a tsakar gida kusa da bishiyar darbejiya, rigar koriya ce, kafaɗa ta zauna daidai, ƙasa ya sauka sosai. Goggo ta gyaɗa kai. Sai ta ce wa Ummi, "Tambaye ta ko ta wanke yadin kafin ta yanka."

Ummi ta rubuta. Ba a jima ba saƙon murya ya shigo, wata murya mai kunya da Hausar Katsina tsantsa, ta gaida Goggo da kyau, ta ce wallahi ba ta wanke ba, ba ta san ana wankewa ba. Goggo ta yi dariya har da tari, ta ce to wankin farko rigar za ta ɗage mata, sai ta ba ƙanwarta. Ummi ta ce bari ta rubuta mata haka. Goggo ta girgiza kai ta miƙo hannu.

"Ba ni nan. Ina ake dannawa?"

Ummi ta ɗora mata yatsa a wurin. Goggo ta ture bargon, ta gyara zama, ta yi gyaran murya, ta fara da tambayar yarinyar 'yar wace unguwa ce.